DARASI: AKUYA A HANNUN 'YAR GUDUN HIJIRA



 Darasinmu na wannan fitowa a kan kiwo yake, musamman kiwon awaki a hannun matan da tashin hankali ya raba da garuruwansu. Wani zai ce, mu da muke Nima da Aboabo da Ashaiman, ina ruwanmu da zancen akuya? To, ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. Kowace shekara muna tara kuɗi mu sayi shinkafa da mai mu raba, kuma wannan aikin lada ne babu shakka. Sai dai buhun shinkafa yana ƙarewa cikin makonni kaɗan, mai bukata kuma ya koma inda yake. Abin da muke so mu fahimta shi ne yadda dabba ɗaya ko uku za su riƙa ciyar da gida shekara da shekaru, da kuma dalilan da kan sa irin wannan taimako ya lalace tun kafin ya je ko'ina.

ABIN DA YA FARU A MARAƊI

Tun daga watan Afrilu na shekarar 2019, hare-haren 'yan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa koro mutane suna tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Da yawansu daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa suka fito. Kafin ƙarshen wannan shekara adadinsu ya haura 40,000. A watan Mayu na 2020 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ta bayyana cewa mutum 23,000 ne suka tsallaka cikin watan Afrilun shekarar kaɗai, jimilla kuma ta wuce 60,000. Mafi yawansu mata ne da yara ƙanana.

Waɗanda suka fara karɓarsu ba hukuma ba ce. Talakawan ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa ne suka buɗe musu zaure da rumbu, domin harshe ɗaya ne, addini ɗaya, sau da yawa ma akwai auratayya a tsakani. Daga baya gwamnatin Nijar da UNHCR suka riƙa ɗauke wasu daga bakin iyaka zuwa garuruwa uku da ke can ciki, wato Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ba a killace su a sansani ba. An zaunar da su ne kusa da mutanen gari, ana shan ruwa ɗaya, yara suna zuwa makaranta ɗaya, ana zuwa asibiti ɗaya.

Yanzu ku dubi halin matar da ta iso irin wannan wuri. A garinsu tana da awaki da tumaki, wataƙila mijinta yana da shanun noma. Ɓarayin daji kuwa dabbobi ne abin da suka fara korawa. Ta zo da goyo a baya da tsummokara a ka, miji ko ya rasu ko yana can wani wuri neman abin kai wa baki. Ba ta da gona a nan, ba ta da jari. Za a ba ta abincin agaji, amma abincin agaji yana zuwa ne gwargwadon kuɗin da masu bayarwa suka samu, wata rana ya cika, wata rana a rage. Ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi, babu abin da za ta kama ta kai kasuwa. Wannan rashin abin kamawa shi ne ainihin talaucin ɗan gudun hijira, kuma shi ne gurbin da dabba take cikewa.

ME YA SA AKUYA, ME YA SA MACE?

A ƙasar Hausa tun fil'azal ƙananan dabbobi dukiyar mata ce. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma buga littafinta a 1972, ta tarar cewa yawancin awaki da tumakin garin na mata ne. Iyayenmu mata ba sa bukatar littafi kafin su san haka. Akuya ita ce bankin mace: da ita ake sayen kwanon 'ya, da ita ake fita kunyar suna da biki, da ita ake biyan kuɗin magani. A shari'a ma dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Saboda haka idan an ba 'yar gudun hijira akuya, sana'ar da ta gada aka mayar mata, ba sai an tara ta a aji an koya mata ba.

Akuya kuma tana da siffofi da suka dace da mai ƙaramin ƙarfi. Na farko, tana da araha a kan saniya, kuma idan ɗaya ta mutu ba a rasa komai da komai ba. Na biyu, cikinta wata 5 ne kawai, kusan kwana 150, tana fara haihuwa tun tana da shekara ɗaya ko sama da haka kaɗan, idan kuma ta samu kulawa takan haihu sau 3 cikin shekara 2. Na uku, ba ta da tsirfar ci. Tana cin ganye da ɓawon wake da dusa da abin da tunkiya za ta wuce ta bari. Na huɗu, ana iya kiwonta a turke a cikin gida, wanda ya dace da macen da ba ta da filin kiwo, ga kuma tsoron shiga daji.

Allah Ya kuma albarkaci wannan yanki da irin akuya na musamman, jar akuyar Maraɗi, wadda a Nijeriya ake kira jar akuyar Sakkwato. An san ta da yawan haihuwar tagwaye, da madara mai kyau, da fata mai laushi wadda fatake suka riƙa kaiwa Arewacin Afirka ta cikin Sahara har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce. Saboda darajarta aka kafa cibiyar kiwon awaki a birnin Maraɗi tun 1963 domin a kiyaye irin, a kuma yaɗa shi.

Ta fuskar abinci, akuya irin wannan takan ba da kusan rabin lita na madara a rana na tsawon wata uku bayan haihuwa. Ga babba wannan ba wani abu ba ne, amma ga yaron da aka yaye, wanda ba ya samun komai sai kunu da tuwo, kofi ɗaya na madara a cikin kununsa babban abu ne. Jikin yaro yana bukatar abincin da ke gina shi, kuma hatsi kaɗai ba ya wadatarwa. Mutanen Maraɗi sun san ciwon wannan. A yunwar 2005 ƙungiyar Likitocin Sa-kai na Duniya, MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A lura da abu biyu a nan. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a ba shi komai sai nonon uwarsa. Madarar akuya kuma sai an tafasa ta kafin a ba kowa, domin akwai cututtukan da ke bi ta ɗanyar madara su kama mutum.

Bari mu yi lissafi na misali. An ba mace awaki mata 3. Idan kowace ta haihu sau 3 cikin shekara 2, haihuwa 9 ke nan. In ɗaiɗai ne 'ya'ya 9, in tagwaye ne 18. A cire waɗanda za su mutu, domin dole wasu su mutu. Ko da 8 ne suka rayu, mai gida uku ta zama mai 11. Ta sayar da bunsuru biyu ta sayi hatsi lokacin kaka yana araha, ta turke ɗaya don Sallah, ta bar matan su ci gaba da haihuwa. Takin ma ba a zubarwa, manoma suna nemansa.

HABBANAYE, KIWO DA MANIHA

Wannan dabara ta tayar da wanda ya faɗi da dabba ba daga Turai ta zo ba. Fulani makiyaya, musamman Woɗaaɓe na Nijar, suna da al'adar da suke kira habbanaye. Idan fari ko annoba ta cinye garken mutum, sai ɗan uwansa ko amininsa ya kamo karsana ya ba shi aro. Za ta zauna a wurinsa yana shan nononta har ta haihu, galibi sau uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuma a mayar wa mai ita. Wanda aka ba wannan saniya yakan kula da ita fiye da nasa na kansa, domin abin kunya ne ƙwarai amanar amini ta lalace a hannunka.

Bayan babban farin 1973 da 1974, ƙungiyar Oxfam ta yi amfani da wannan al'ada wajen mayar wa makiyaya dabbobi a yankin Abala na Nijar. Daga baya ƙungiyoyin agaji da dama suka ɗauki tsarin suka mayar da shi kan awaki da ƙungiyoyin mata: a ba rukunin farko awaki, idan sun haihu an yaye 'ya'yan, sai iyayen su wuce hannun rukuni na biyu, haka har su zaga. A arewa maso gabashin Nijeriya kuma, inda rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, Hukumar Abinci da Noma ta Duniya, FAO, ta raba wa mata awaki a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, galibi huɗu ga kowane gida, mata uku da bunsuru ɗaya. A Amurka ma akwai ƙungiyar Heifer da wani manomi Dan West ya kafa a 1944, wadda sharaɗinta shi ne duk wanda aka ba dabba ya miƙa 'yar fari ga wani mabukaci.

Hausawa ma suna da nasu, wato ba da kiwo. Mai akuya ta kai wa wata ta kiwata mata, idan ta haihu a raba 'ya'yan bisa yadda aka shirya, a wurare da yawa biyu na mai ita, ɗaya na mai kiwo. Da haka yarinya marar komai take fara nata garke.

Kafin duk waɗannan, Musulunci ya zo da abin da ake kira maniha, wato ka ba ɗan uwanka taguwa ko akuya mai nono ya riƙa tatsa, idan nonon ya ƙare ya mayar maka. Imam Bukhari ya ware babi guda a kan falalarta a cikin Littafin Kyauta na Sahihinsa. A wannan babi ne ya kawo labarin Muhajirai, waɗanda suka baro Makka a shekarar 622 hannu rabbana. Mutanen Madina sun ba su itatuwan dabino su riƙa cin amfaninsu. Ummu Sulaim (R.A.), mahaifiyar Anas, ta ba Manzon Allah (S.A.W.) wasu dabinai, shi kuma ya ba Ummu Aimana (R.A.), wadda ita ma 'yar hijira ce. Da Allah Ya buɗe Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira, Muhajirai suka samu abin kansu, sai suka mayar wa Ansaru dabinansu. Ku lura da wannan tsari, 'yan uwa. An ba su abin da ke haifar da abinci, an bar shi a hannunsu har suka tsaya da ƙafafunsu, sa'an nan suka mayar cikin mutunci. Wannan shi ne asalin darasinmu.

ABUBUWA BIYAR DA KE KASHE SHIRIN

Raba awaki yana da daɗin gani a hoto. Amma sau da yawa idan aka koma bayan wata shida sai a tarar da turke babu dabba. Masana kiwo sun tattara darussan da aka koya a cikin wani kundin ƙa'idoji da ake kira LEGS, wanda aka fara bugawa a 2009 domin masu aikin agaji. Daga cikin abin da aka gane akwai waɗannan:

1. Yunwar mai akuya. Matar da 'ya'yanta suka kwana ba su ci ba, za ta kai akuyar kasuwa gobe da safe, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin takaicin shi ne, a tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, kuɗin tiyar gero yana hawa, kuɗin akuya yana faɗuwa, domin kowa sayarwa yake yi. Sai ta sayar da arha ta sayi hatsi da tsada. Maganin wannan shi ne a haɗa dabbar da abinci ko ɗan kuɗi na wasu watanni, har zuwa haihuwar farko.

2. Yunwar akuyar kanta. Akuya babba tana bukatar kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a rana, da ruwa lita 3 zuwa 5 a lokacin zafi. 'Yar gudun hijira ba ta da gonar da za ta ɗebo harawa. Idan an ba ta dabba a tsakiyar bazara, an ɗora mata nauyi ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, sa'ad da ciyawa da harawar wake da ta gyaɗa suke ko'ina, a kuma taimaka mata ta tara ta ɗora a kan rumfa don rani, tare da dusa da kanwa. A jihar Maraɗi manoma sun samu sauƙi ta wata hanya: tun daga shekarun 1980 suka koma barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa, har itatuwa miliyoyi suka dawo. 'Ya'yan gawo da ke zuba da rani abinci ne mai ƙarfi ga awaki a daidai lokacin da babu ciyawa.

3. Cuta. Babbar abokiyar gabar awaki da tumaki ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kwaddebuwa a 1942. Alamunta zazzaɓi, majina da ƙwantsa, gyambo a baki, da zawo mai tsanani, kuma takan share garke cikin 'yan kwanaki. Tana da allurar rigakafi mai araha wadda ke kare dabba shekaru, ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, duniya kuma ta sa wa kanta shekarar 2030 don kawar da cutar. Kasuwa ita ce matattarar cuta. Don haka duk dabbar da aka sayo a yi mata rigakafi da maganin tsutsar ciki da na kaska, a ware ta mako biyu zuwa uku kafin a raba. Rigakafi ya fi magani.

4. Irin da bai dace da wuri ba. Doguwar akuyar Sahel tana jin daɗin ƙasa mai rairayi da busasshiyar iska. Idan an kawo ta kurmi inda danshi da ƙudan tsando suke, sai ta yi ta rama. Gajeriyar akuyar kurmi da muke gani a Asante ita ce ke jure sammore. Ka'ida ita ce a sayi dabba a kasuwar da ke kusa da inda za a kiwata, a kuma bar matan su zaɓa da kansu, domin sun fi ɗan birni sanin mai lafiya.

5. Rashin jituwa da mutanen gari. Wanda ya sauke baƙo shi ma talaka ne. Idan ya ga an ba baƙuwa awaki huɗu, matarsa ba a ba ta ko kaza ba, alhali rijiyarsa ake sha, gonarsa awakin za su shiga, to an shuka gaba. Shi ya sa ake sa matan gari marasa ƙarfi a cikin rabon, a kuma zauna da mai gari a shirya zancen ɗaure dabbobi da damina. Haka nan a yi magana da mazaje tun farko a gaban liman, a bayyana cewa dabbar ta matar ce, kada ranar kasuwa wani ya kwance ta ya ce ai gidansa ne.

Abin da ke ɗaure duk waɗannan wuri ɗaya shi ne ƙungiya. A Maraɗin nan dai, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara, inda mata ke haɗuwa kowane mako su zuba ɗan abin da suka samu a asusu, su riƙa ba juna rance. Tsarin ya yi kama da adashi, wanda mu a nan muke kira susu, kuma daga Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Matar da ke cikin irin wannan ƙungiya, idan ɗanta ya yi ciwo sai ta ci bashin asusu, akuyarta mai ciki ta tsira. Ƙungiyar ce kuma ke riƙe bunsuru ɗaya na kowa da kowa, domin bunsuru ɗaya ya ishi awaki 20, ita ce ke sa ido a kan ranar miƙa dabba ga ta gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

WASU HUKUNCE-HUKUNCE DA YA KAMATA A SANI

Na farko, zakkar dabbobi. A mazhabar Malikiyya ana haɗa awaki da tumaki a ƙirga tare. Idan sun kai 40 kuma shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya. Daga 121 ana fitar da biyu, daga 201 ana fitar da uku. Shanu nisabinsu 30 ne, raƙuma 5. A wurin Malikawa babu bambanci tsakanin dabbar da ke kiwo a daji da wadda ake saya wa abinci a gida. Masu cin zakka aji takwas ne kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta jero, kuma 'yar gudun hijira marar komai tana shiga ta ƙofar talauci, ko ta ƙofar matafiyin da guzuri ya yanke masa.

Na biyu, zakka mallakawa ake yi. Abin da aka ba mabukaci da sunan zakka ya zama nasa, ba a gindaya masa sharaɗin ya mayar ko ya miƙa wa wani. Saboda haka ƙungiyar da ke son yin tsarin zagayawa irin na habbanaye, ta sayi iyayen awakin da kuɗin sadaka ko gudummawa, su zama mallakar ƙungiya da take bayarwa aro, 'ya'yan kuma kyauta ga mai kiwo. Kada a cakuɗa asusun biyu.

Na uku, idan dabbar aro ta mutu ba tare da sakaci ba, a Malikiyya ba a ɗora wa mai aro biya. Ya kamata a faɗi wannan a fili tun ranar bayarwa, domin kada tsoron bashi ya sa mace ta ɓoye ciwon dabba har ta mutu.

Na huɗu, ba da kiwo a kan a biya mai kiwo da wani kaso na 'ya'yan da ba a haifa ba, malamai sun yi saɓani a kansa. Mafi yawa sun hana saboda ladar ba sananniya ba ce, wasu daga cikin Hambalawa sun halatta. Wanda zai shiga irin wannan ya zauna da malaminsa tukuna.

TO, MU A ZONGO FA?

Kada mu manta ko mu su wane ne. Zongo masaukin baƙi ne. Da yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, kakannin da yawa daga cikinmu sun bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, kuma maigida ne ya sauke su ya ba su ɗaki da jari. A 1969 dokar korar baƙi ta tashi gidaje da dama a zongo, a 1983 kuma aka koro 'yan Gana daga Nijeriya. Mun ɗanɗana, mun san zafin abin. Kuma zancen bai tsaya a Maraɗi ba. Daga 2022 dubban mutanen Burkina Faso, yawancinsu mata da yara, suka tsallako arewacin Gana saboda hare-hare, har Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana da UNHCR suka buɗe musu masauki a Tarikom kusa da Zebilla, da Zini a ƙasar Sisala. Yawancinsu manoma ne da makiyaya, kiwo ba baƙonsu ba ne.

Ƙungiyar matasa da ke son gwada wannan aiki, ga shawara. Ku fara da kaɗan, mata biyar ko goma, a wuri ɗaya da kuke da amintaccen mutum, liman ko magajiya. Ku je da ƙafarku ku tambayi matan abin da suke so, domin wata kaji za ta fi so, wata jarin ƙuli-ƙuli, kuma zuwa da kai ya fi aike. Idan masaukin 'yan gudun hijira ne, ku bi ta hannun hukuma da sarkin gari, kada ku kutsa kai kawai. Wajen kasafi, kada ku kashe kuɗin duka a kan dabba. Ku ware na abincinta, na allura da likitan dabbobi, da na abincin gidan na watannin farko. Gara awaki 15 da suka rayu da 30 da suka mutu. Ku nemi shawarar dattawanmu na kasuwar Turaku a Ashaiman, waɗanda suka san haƙorin dabba da farashinta. Ku rubuta komai a littafi: wa aka ba, ranar da aka ba ta, ranar haihuwa, ranar miƙawa. Wannan littafi ne za ku nuna wa 'yan uwanmu da ke Jamus da Amurka, da masu fatauci a kasuwannin Sanyuanli na Baiyun a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, idan kun je neman gudummawarsu. Mai ba da kuɗi yana son ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

A cikin unguwanninmu ma akwai zawarawa da iyayen marayu da wannan tsari zai amfana, muddin akwai wurin turke a gidan, domin hukumomin gari suna kama dabbar da ke yawo a titi, maƙwabci kuma yana da haƙƙi. Sa'an nan a kiyaye mutuncin wadda aka ba. Ba dole ba ne sai an tsayar da ita da igiya a hannu an ɗauki hotonta an watsa a Facebook.

Daga ƙarshe, aikin yana bukatar haƙuri. Ba za a ga amfaninsa a wata ɗaya ba. Sai an yi shekara biyu ana bibiya kafin a ga mace ta sayar da bunsurunta ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta, ta kuma kamo uwar akuyar da hannunta ta kai wa maƙwabciyarta.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A HALKA

1. Mene ne bambanci tsakanin habbanaye da ba da kiwo da maniha?
2. Me ya sa ƙarshen damina ya fi bazara dacewa da raba dabbobi?
3. Me ya hana a yi tsarin zagayawa da dabbar zakka?
4. Kawo abubuwa uku da za a yi wa akuya kafin a miƙa ta.
5. A unguwarku, mata nawa kuka sani da wannan tsari zai dace da su, kuma wa zai riƙe littafin?

Allah Ya mayar da duk wanda aka kora gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu cikin aminci, Ya sa mu cikin masu sauke baƙo da fuska a sake. Allah ne Mafi sani. Sai mun haɗu a darasi na gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.